Polisaitimiya vera

Polisaitimiya vera nau'i ne na sankarar jini mai tafiyar hawainiya, inda ɓargo ke ƙera jajayen ƙwayoyin jini fiye da kima, wani lokaci har da fararen ƙwayoyi da masu daskarar da jini. Likitan Faransa Louis Henri Vaquez ne ya fara bayyana ta a 1892, likitan Kanada William Osler ya ƙara fito da siffofinta a 1903. Ta fi kama 'yan shekara 60 zuwa sama, ko da yake matasa ma ba su tsira ba.

Sai a 2005 aka gano tushenta: wani sauyi a ƙwayar halitta mai suna JAK2, wanda ake samu a jikin kusan kashi 95 cikin 100 na masu cutar. A ka'ida, ɓargo ba ya ƙara jajayen ƙwayoyi sai ƙoda ta aiko da sinadarin eritrofoyetin. Wannan sauyi kuwa yakan sa ɓargon ya yi ta aiki ba tare da jiran saƙo ba, shi ya sa gwaji kan nuna sinadarin ya yi ƙasa alhali jini ya yi yawa. Galibi ba gadon wannan sauyi ake yi ba, a rayuwa yake aukuwa.

Haɗarin cutar yana cikin kaurin jini. Jini mai kauri yakan yi gudaji a jijiya, ya jawo shanyewar ɓarin jiki, ciwon zuciya, ko toshewar jijiyoyin hanta. Kafin a kai nan, mai cutar kan yi fama da ciwon kai, jiri, dishi-dishin gani da kumburin saifa. Akwai kuma alamar da likitoci ke kasa kunne su ji: mutum ya fito daga wanka da ruwan ɗumi, ƙaiƙayi ya taso masa ko'ina, alhali fata ba ƙurji ko ɗaya. Wasu kuma tafin hannu da ƙafa ke yi musu ja da zafi. Da yawa dai ba su jin komai, gwajin jini na wani dalili daban ne ke tona ta.

Abin mamaki, babban maganinta tsohuwar dabara ce, wato ɗibar jini. Ana zuƙe kimanin rabin lita lokaci-lokaci, har kason jajayen ƙwayoyi a jini ya sauka ƙasa da kashi 45, a kuma haɗa da asfirin kaɗan kullum. Wanda ya haura 60 ko ya taɓa samun gudan jini akan ƙara masa haidiroksiyuriya ko intaferon, magunguna masu rage yawan ƙwayoyin da ɓargo ke ƙerawa. Idan haidiroksiyuriya ba ta karɓe shi ba, akwai ruksolitinib, wanda Amurka ta amince da shi don wannan cuta a 2014.

Waɗannan magunguna lallaɓa cutar suke yi, ba su raba mutum da ita, amma masu ita kan yi shekaru masu yawa suna harkokinsu. A jikin wasu, ɓargo kan taurare ya zama tabo daga baya, ƙalilan kuma cutar kan rikiɗe musu zuwa sankarar jini mai saurin kisa.