Manhajojin ofis na kyauta da na kuɗi

Manhajar ofis tarin manhajoji ne da ake aikin takarda da su a kwamfuta, wato ta rubutu irin Word, da ta lissafi mai gida-gida irin Excel, sai ta haska bayani a allo irin PowerPoint. Akwai na saye akwai na kyauta, amma a gari kamar Bauchi zaɓin kashi uku ne, don akwai Microsoft Office ɗin da aka fasa makullinsa, wanda masu gyara ke ce wa kirak, kuma shi ne ke kan laftof ɗin gidaje da dama tun ranar da aka sayo su.

Tarihi

Ba Microsoft ba ne ya fara wannan harka. Kafin shi akwai WordStar da WordPerfect a ɓangaren rubutu, a lissafi kuma VisiCalc ta fito a 1979 sai Lotus 1-2-3 ta zo ta ƙwace kasuwa a 1983. Word ma a 1983 ta fito, Excel a 1985 kuma a kan Macintosh na Apple ta fara, ba Windows ba. PowerPoint kuwa wani ƙaramin kamfani ne mai suna Forethought ya yi ta, Microsoft ya saye shi a 1987 kan dala miliyan 14. Haɗa ukun nan a kwali ɗaya a sayar da sunan Office, a kan Mac a 1989 sannan Windows a 1990, shi ne ya karya sauran, tunda mutum zai ga sayen su a haɗe ya fi masa sauƙi.

Ɓangaren kyauta daga Jamus ya taso. Wani matashi Marco Börries ya kafa Star Division a 1985 yana ɗan shekara 16, suka yi StarWriter wadda daga baya ta girma ta zama StarOffice. Sun Microsystems ya sayi kamfanin a 1999, ana ma ba da labarin wai sun lissafa sun ga sayen kamfanin ɗungurungum ya fi araha kan biya wa ma'aikatansu lasisin Microsoft. A 2000 suka saki lambobin manhajar kowa ya gani ya gyara, OpenOffice.org 1.0 ta fito a 2002. Da Oracle ya haɗiye Sun a farkon 2010 sai masu aikin sa kai suka ƙi yarda da shi, suka ɓalle a watan Satumba suka kafa The Document Foundation da LibreOffice, fitowarta ta farko a Janairun 2011. Oracle ya miƙa ragowar OpenOffice ga gidauniyar Apache, tana nan har yanzu da sunan Apache OpenOffice amma tafiyarta ta yi sanyi sosai, wanda ke son wannan zuriyar gara ya ɗauki LibreOffice.

WPS Office ta kamfanin Kingsoft ce na ƙasar Sin, asalinta wajen ƙarshen shekarun 1980, kuma nan an fi saninta a waya. Google Docs ta samo asali daga Writely da Google ya saya a 2006.

Biyan kuɗi

Hanya biyu ce. Ko dai ka saya sau ɗaya kamar Office 2021 ko 2024 a kwamfuta guda, ko kuma ka riƙa biya wata-wata ko shekara-shekara, wato Microsoft 365, wadda da sunanta Office 365 kafin a canza a 2020. Ta iyali na ɗaukar mutum shida, kowa da 1TB nasa a OneDrive, wato ma'ajiyar fayil ta Microsoft a intanet, shi ya sa 'yan uwa kan yi karo-karo su raba. Tun da aka saki naira a Yunin 2023 kuɗin ya yi wa mai ƙaramin albashi nauyi, ga shi an yi wani lokaci da katin naira na bankuna da yawa ba ya biyan kaya a waje. Office 2016 da 2019 kuwa Microsoft ya daina yi musu gyaran tsaro daga 14 ga Oktoba 2025, rana ɗaya da Windows 10.

Inda fayil zai je

Nan ne ake yanke hukunci, ba a farashi ba. Mai rubuta wasiƙa ko lissafin adashe ko kuɗin makarantar yara, LibreOffice ta ishe shi har da ragi. Amma ɗalibin jami'ar ATBU ko na Federal Poly da ke Gwallameji da ya rubuta furojet a gida, a ƙarshe filashi zai ɗauka ya kai biznes santa a buga masa, can kuma Word za a buɗe, to a nan ne shafi 60 kan koma 63, teburin babi na huɗu ya rabe biyu, lambar shafi ta gudu. Sau tari laifin fon ne, wato salon haruffan rubutu, don Calibri da Times New Roman ba sa zuwa da LibreOffice, sai ta musanya su da Carlito da Liberation Serif waɗanda aka auna faɗinsu daidai da na asalin, in babu su a kwamfutar sai layuka su zame. Maganin da masu tayfin suka sani shi ne a mayar da aikin PDF kafin a fita daga gida, sai dai in malami ya ce docx, wato fayil ɗin Word, yake so don ya yi gyara a ciki. Excel mai makro, wato jerin umarnin da ke yin aiki da kansa, ma ba kullum yake tafiya lafiya a Calc, manhajar lissafi ta LibreOffice, ba.

Haruffa masu ƙugiya, ɓ ɗ ƙ ƴ, duk manhajojin na ɗaukarsu muddin fon ɗin na da su, kuma Windows na da kibod ɗin Hausa a ciki.

Wuta da data

Google Docs da Word ta burauza kyauta ne, Google na ba da wurin ajiya 15GB, Microsoft 5GB, amma suna son intanet. Wanda ke aiki da cajin awa biyu kafin NEPA ta dawo ya fi samun natsuwa da manhajar da ke zaune cikin kwamfutar. WPS ta kyauta tana da talla.

Kirak

Laftof tokunbo da ake saya a shaguna wajen Wunti galibi mai shago kan loda mata Office kafin ya miƙa, mai saye kuma ya ɗauka haka ta zo. Bayan 'yan watanni sai jan layi ya fito a saman Word yana cewa ba a tabbatar da lasisi ba, a koma wajen mai gyara ya sake kunna ta, kuma kafin ya sa ɗan abin fasawar sai ya kashe antibairos tukuna, ta nan ƙwayar cuta kan samu ƙofa. Saɓa dokar haƙƙin mallaka ne, malamai ma sun yi magana kan halascinsa.

Taƙaddama

An amince da tsarin fayil na ODF, wanda LibreOffice ke amfani da shi, a matsayin ma'aunin hukumar ma'aunai ta duniya ISO a 2006, na Microsoft kuma a 2008 bayan ce-ce-ku-ce mai zafi kan yadda aka kaɗa ƙuri'a. A Jamus, birnin Munich ya koma manhajojin kyauta sannan a 2017 majalisarsa ta zaɓi komawa Windows, ita kuma jihar Schleswig-Holstein ta sanar a 2024 za ta mayar da kwamfutoci kusan 30,000 kan LibreOffice.