Gidan Sikh a Birtaniya: Iyali, Abinci da Ibada

Gidan Sikh a Birtaniya shi ne irin zaman iyalin da mabiya addinin Sikh, 'yan asalin yankin Punjab na Indiya da Pakistan, suka kafa bayan ƙaurarsu zuwa ƙasar, musamman daga shekarun 1950. Ƙidayar 2021 ta nuna akwai mabiya addinin sama da 520,000 a Ingila da Wales. An fi samun su a unguwannin Southall da Hounslow na yammacin Landan, da biranen Birmingham, Wolverhampton, Coventry, Leicester da Gravesend.

Guru Nanak (Guru na nufin babban malamin addini), wanda aka haifa a 1469, shi ya kafa addinin, ya kira mutane ga bauta wa Ubangiji ɗaya. Koyarwarsa ba ta yarda da barin duniya a shige daji don ibada ba. Mutumin kirki a wurinsa shi ne mai iyali, wanda ke ambaton Ubangiji, yana ci da guminsa, yana kuma raba abin da ya samu da wasu. Shi ya sa babban rabo na addinin a cikin gida yake gudana, tsakanin madafa da ɗakin kwana.

Tarihin zuwa

Sikh na farko da aka sani ya zauna Ingila shi ne Maharaja Duleep Singh, sarkin ƙarshe na daular Sikh. Turawa sun tuɓe shi yana yaro bayan sun ci Punjab a 1849, aka kai shi Ingila a 1854. Zamansa na 'yan sarauta ne, bai yi kama da na ma'aikatan da suka biyo baya ba. Wajen 1911 aka buɗe wurin ibadar Sikh na farko a Landan, wanda ake kira gurdwara. Tsakanin shekarun 1920 da 1930 'yan koli daga al'ummar Bhatra suka sauka a biranen bakin teku irin su Cardiff da Bristol, suna bin gida-gida da akwatin tufafi.

Babbar ƙaurar ta biyo bayan raba Indiya da Pakistan a 1947. Iyakar ta ratsa tsakiyar Punjab, miliyoyin mutane suka bar gonakinsu na gado, ƙasar noma ta yi wa jama'a kaɗan. A daidai lokacin masana'antun Birtaniya na neman hannu. Mafi yawan waɗanda suka tafi sun fito daga yankin Doaba, tsakanin kogunan Beas da Sutlej, wato gundumomin Jalandhar da Hoshiarpur. Wasu suka shiga masana'antun narka ƙarfe na Smethwick da Wolverhampton, wasu masana'antar roba ta Woolf da ke kusa da Southall.

Maza zalla ne suka fara zuwa, da niyyar tara kuɗi su koma. Sukan taru da yawa a gida ɗaya, mai aikin dare ya kwanta kan gadon da mai aikin rana ya tashi. Mutanen da a ƙauyensu ba su taɓa kwaɓa gari ba, dole ta sa suka koyi gasa gurasa da dafa wake, kowa da ranar girkinsa. Da yawa sun aske gashi sun ajiye rawani don a ɗauke su aiki, abin da wasunsu suka riƙa tunawa da ɓacin rai har tsufa. Dokar shige da fice ta 1962 ta taƙaita shigowar sababbin ma'aikata, sai waɗanda ke ciki suka ga zama ya kama su, suka aika a kawo mata da yara. Daga nan ne za a ce an fara gidan Sikh na sosai a ƙasar. Matan ma ba zaman gida suka yi ba: sun yi aikin ɗinki, da shara da haɗa abincin jirgi a filin jirgin sama na Heathrow, su dawo su ɗora tukunya.

Rukuni na biyu daga Gabashin Afirka ya zo. Kakannin da yawa daga cikinsu masu sana'ar hannu ne da Turawa suka kai aikin layin dogo na Kenya da Uganda daga 1896. Wasu sun bar Kenya a ƙarshen shekarun 1960, sauran suka biyo baya a 1972 da Idi Amin ya kori 'yan Asiya daga Uganda. Waɗannan da iyalinsu suka zo, suna jin Turanci, da rawaninsu a ka, kuma ana yawan cewa ganinsu ya ƙarfafa wa wasu gwiwar sake tara gashi.

Gashi da rawani

A 1699 Guru Gobind Singh ya kafa ƙungiyar Khalsa, ya ɗora wa wanda ya shige ta alamomi biyar: barin gashi ba aski, matajin katako, munduwar ƙarfe, gajeren wando na ciki, da ƙaramin takobi mai suna kirpan. Ba kowane Sikh ne ya yi wannan bai'a ba, kuma a gida ɗaya ana samun uba mai rawani da ɗa mai aski. Munduwar ce kusan kowa ke sawa.

A gidan da ake tara gashi, safiyar ranar makaranta na da aikinta. Uwa ko kaka za ta zaunar da yaro a gabanta, ta shafe kansa da mai, ta taje, ta tattara gashin ta ɗaure shi tsakiyar ka, sannan ta rufe da ƙyalle mai igiya huɗu da ake kira patka. In ya tasa, akan yi masa bikin naɗin rawani na farko a gurdwara.

An sha gwagwarmaya kafin rawanin ya samu wurin zama. A Wolverhampton an hana direbobin bas sa shi, rikicin da aka fara a 1967 bai ƙare ba sai 1969. Dokar 1976 ta ɗauke wa mai rawani sa hular kwano a kan babur. A 1983, a shari'ar Mandla, alƙalan Majalisar Lords, kotun ƙoli ta ƙasar a lokacin, suka yanke cewa makarantar da ta ƙi karɓar yaro saboda rawaninsa ta nuna wariya.

Abinci

Ginshiƙin abincin gida shi ne roti, gurasa marar yisti ta garin alkama da ake murzawa a gasa kan faffaɗan kasko na ƙarfe, a ci da zafinta. Ana haɗa ta da dal, wato miyar ƙananan wake, da kayan lambu, da kindirmo. Ɗanɗanon miyar daga suyar albasa, tafarnuwa, citta, barkono da kurkum yake fitowa, wadda akan yi daban a juye a kai. Lokacin sanyi akan yi saag, ganyen mustad da aka daɗe ana dafawa har ya narke, a ci da gurasar masara da man shanu. Baƙo kuwa ba ya fita bai sha shayin da aka tafasa da madara ba.

Madafar gida a haɗe take da ta gurdwara. Kowace gurdwara na da langar, abincin kyauta da ake bai wa duk wanda ya shigo, kome addininsa, a zauna a layi ɗaya ba babba ba yaro. Al'adar ta faro tun zamanin Guru Nanak, Guru Amar Das ya ƙarfafa ta don karya bambancin asali, wato raba mutane aji-aji bisa gidan da aka haife su. Iyalin da aka yi wa haihuwa, ko suka sayi gida, ko suke tunawa da mamaci, sukan ɗauki nauyin langar na ranar: su sayo buhunan gari da wake, dangi su hallara tun asuba, mata da maza na murza gurasa, yara na raba faranti. Wannan hidimar ita ce makarantar farko ta yaran da aka haifa a Birtaniya, ko da waɗanda harshen Punjabi ya yi wa nauyi. Ba a sa nama a langar. A ƙarshen taron ibada ana raba karah parshad, haɗin garin alkama da man shanu da sukari daidai wa daida, a karɓa da tafin hannu biyu.

Kundin ƙa'idojin Sikh ya haramta wa ɗan Khalsa taba da kayan maye, da naman da aka yanka bisa tsarin addini, har da yankan halal. Wasu gidajen ba sa cin nama kwata-kwata.

Ibada a gida

Mai kiyaye ibada yakan tashi kafin ketowar alfijir ya yi wanka ya karanta Japji Sahib da sauran addu'o'in safe, da yamma Rehras, kafin barci Kirtan Sohila. Littafi mai tsarki, Guru Granth Sahib, mai shafi 1,430, ana ɗaukarsa a matsayin Guru mai rai tun 1708. Ajiye shi a gida na bukatar ɗaki na musamman da ake shiga ba takalmi, kai a rufe, a buɗe shi da safe a naɗe da dare. Ƙananan gidajen Birtaniya ba kasafai suke da wannan sarari ba, don haka yawanci ƙaramin littafin addu'o'i ake ajiyewa, a naɗe cikin ƙyalle a wuri mai tsayi.

Dangi, suna da aure

Har yanzu ana samun kakanni da 'ya'ya da jikoki a gida ɗaya, ko a gidaje maƙwabta. Kamar yadda Bahaushe ke bambanta baffa da kawu, gwaggo da inna, haka yaro ɗan Punjab yake kiran ƙanen uba chacha, ɗan'uwan uwa mama, 'yar'uwar uba bhua, 'yar'uwar uwa masi. Ranar suna akan buɗe littafi mai tsarki, harafin farko na baitin da aka tarar shi zai fara sunan jariri. Namiji a ƙara masa Singh, mace Kaur. Wajen ɗaurin aure ango da amarya sukan zagaya littafin sau huɗu ana rera baitocin Guru Ram Das. Mamaci ƙone gawarsa ake yi, a zuba tokar a ruwa mai gudu. Wasu iyalai har Kiratpur a Punjab suke kai ta.

Batutuwan saɓani

Addinin ya yi watsi da bambancin asali, amma yana nan a zaɓen miji ko mata, kuma akwai gurdwarorin da aka san su da wata al'umma. Ana taƙaddama kan ɗaura auren Sikh da wanda ba Sikh ba a cikin gurdwara. Shan giya tsakanin maza matsala ce da ƙungiyoyin al'ummar da kansu suke magana a kai. Harin da sojojin Indiya suka kai wurin ibada na Harmandir Sahib a Amritsar a 1984, da kiran kafa wa Sikh ƙasa tasu mai suna Khalistan, batutuwa ne da ra'ayi ya rabu a kansu har tsakanin 'yan gida ɗaya.