Kafin ka saka diga a ƙasar Legas, tambayi abin da aka yi a wurin

'Yan'uwa masu haƙar fandisho, rijiya da sokawe, ƙasar Legas ba irin ta gida ba ce. Fili ya yi tsada, shi ya sa wurin da a da bola ce, ko garejin makanikai, ko inda ake fasa tsofaffin batura, yau an zuba masa jar ƙasa an sayar. Duk wanda ya san bolar Olusosun a Ojota ko ta Solous a Igando ya ga yadda gine-gine suka matso har bakin shara. Mai fili ba zai shiga ramin ba, kai ne za ka shiga.

Don haka ka tambayi maƙwabta ko mai gadi tun ranar farko. Idan ka fara haƙa ka ga ƙasa baƙa mai maiƙo, ko ruwan da ya taru yana ƙyalli launi-launi, ko ka ji warin fetur, ko shebur ya fara fito da ledoji da sirinji, ka fito ka kira ɗan kwangila. Kada kowa ya kunna sigari a kusa. A 2008, a Ijegun, motar aikin hanya ce ta fasa bututun mai, gobarar ta ci mutane da dama.

Wadda ta fi damuna ita ce dalma, ƙarfen nan mai guba da ke cikin tsofaffin batura, domin ba ta wari. Ƙurarta tana maƙalewa a hannu da farce da riga. Lokacin cin abinci ya yi, mutum ya zauna a kan bulo, ya goge hannu a wando, ya ɓare goro ko ya yagi burodi, shi ke nan ta shiga ciki. Da yamma kuma ya koma Agege ko Idi-Araba da kayan aikin a jikinsa, yara su rugo su rungume shi. Gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a Zamfara a 2010, kuma ƙurar da aka shigo da ita gidaje ce sanadi. Ledar ruwa ɗaya da ɗan sabulu sun isa wanke hannu kafin a ci abinci. Kayan aiki a cire su a wurin aiki, a wanke su daban da na iyali. A yayyafa ruwa a busasshiyar ƙasa kafin a kwashe ta.

Rambut, safar hannu da takunkumin ƙura haƙƙi ne a kan wanda ya ɗauke ka aiki. Na san mai aikin yini yana tsoron a ce masa ga hanya nan, to ku haɗa baki ku nema tare.

Rami mai zurfi kuwa, takunkumi ba ya tsare iskar da ke taruwa a ƙasansa. Akwai mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, wadda idan ta yi yawa sai hanci ya daina jin ta. Kada a shiga sai da igiya a ƙugu da mutum tsaye a sama. Idan na ciki ya faɗi, kada ka dira cetonsa, haka ake rasa mutum biyu ko uku a rami ɗaya. A jawo shi da igiya, a kira lambar agajin gaggawa, 112 ko 767.

Wanda ƙusa ko ƙarfe ya soke shi ya wanke wurin, ya je a yi masa allurar tetanus a ranar. Mai fama da ciwon ciki, ciwon kai ko kasala da ba sa ƙarewa ya je asibiti, ya gaya wa likita irin ƙasar da yake haƙa, don a san gwajin jinin da za a yi.