Waiwaye: Daga baitulmalin En'e zuwa kason Abuja, wa ke riƙe da jakar birnin Sakkwato?

Duk wanda ya taɓa kasa kaya a tsohuwar kasuwar Sakkwato ya san mai rasit. Hantsi na dubawa zai ɓullo da ɗan littafinsa, ya yago takarda ya ɗora kan buhun albasa, ya karɓi 'yan canji ya wuce. Wannan takardar na cikin ɗan abin da ya rage na wani tsari da a da yake ɗauke da nauyin mulkin ƙasar Sakkwato baki ɗaya.

Bayan Turawa sun ci Sakkwato a watan Maris na 1903, sun bar mulki a hannun sarauta, daga bisani aka kafa baitulmalin En'e (N.A., wato hukumar gargajiya da ke ƙarƙashin sarki). Kuɗinsa na fitowa ne daga haraji da jangali da kuɗin kasuwa da tarar kotun alƙalai. Gwamnati ta yanki kasonta, sauran En'e ta biya hakimai da 'yan doka da malaman makaranta, ta gyara hanya, ta haƙa rijiya. Kada a yi wa zamanin kwalliyar da ba tasa ba: tsofaffi na tuna yadda magidanci kan sayar da akuyarsa ko ya tsere daga gari saboda haraji, Bafulatani kuma ya kora shanunsa cikin daji idan ya ji ƙishin-ƙishin masu ƙidaya na tafe. Amma akwai abu ɗaya. Idan damina ta yi kyau, kasuwa ta ci, baitulmali ya cika. Idan aka yi fari, hukuma ma ta ji a jikinta.

Abin da En'e ba ta iya jawowa ba shi ne dogo. Layin da ya taso daga Zariya ya bi ta Gusau ya tsaya cak a Ƙaura Namoda a 1929, kuma har yau bai ƙaraso ba. Saboda haka kamfanonin sayen gyaɗa da auduga suka fi kafa kantunansu a Gusau, can ma aka gina masaƙa daga baya. Fatar jar akuyar Sakkwato, wadda Turawa suka daɗe suna kira fatar Maroko don ta can take isa gare su, sai dai a loda ta a mota a kai bakin jirgi. Majema na jima a nan, riba mai tsoka tana sauka a wani wuri.

Babbar masana'antar da garin ke tinƙaho da ita ma daga sama ta zo. Gwamnatin Jihar Arewa ta Sardauna ce ta kafa kamfanin siminti na Kalambaina a 1962, ya fara aiki a 1967. Dutsen da ake ƙonawa a yi siminti, wanda ke shimfiɗe a yankin, shi ya ja kamfanin. An sayar da hannun jarin gwamnati a 2000, yanzu yana hannun kamfanin BUA.

Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ne ya sauya lissafin. Aka rushe En'e, aka kafa majalisu masu karɓar kaso daga asusun tarayya, wato kuɗin man fetur. Haraji da jangali suka yi ta dusashewa, musamman bayan gwamna Abubakar Rimi ya soke su a Kano a 1979. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 kuma ta damƙa filayen birane a hannun gwamna. Tun daga nan mai son gina masana'anta ba ya ɓata lokacinsa a ofishin ciyaman. Fili, takardar mallaka, hanya, rangwamen haraji, duk ko dai a gidan gwamnati ko a Abuja.

Ga shi kuma birnin ba shi da hukuma guda. An raba shi tsakanin Sakkwato ta Arewa da ta Kudu, unguwanni sun malala cikin Wamakko da Dange Shuni da Kware. Abin da tsarin mulkin 1999 ya bar wa waɗannan majalisu shi ne irin su kasuwanni, tasha, mayanka, kuɗin shaguna da kwashe shara. Kasonsu na kashi 20.6 cikin 100 na asusun tarayya kuwa ya daɗe yana bi ta asusun haɗin gwiwa da jiha. A ganina nan igiyar ta tsinke: ciyaman da albashin ma'aikatansa ba ya jiran cinikin kasuwar Kara, me zai tayar masa da hankali idan ciniki ya mutu?

An ga haka ƙarara da aka rufe iyakoki a watan Agustan 2019, da kuma bayan juyin mulkin Nijar a 2023. Motoci suka yi cirko-cirko a Illela, garin da ke bakin iyaka da Nijar, masu albasa da dabbobi suka ji jiki, ba kuwa wata majalisa da ke da ta cewa. Da gobara ta cinye wani ɓangare na babbar kasuwa a Janairun 2021, 'yan kasuwa gwamnatin jiha suka zuba wa ido.

Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Hukuncin ya taɓa jaka ne kawai, filayen birni na nan a hannun gwamna. A watan Oktoban shekarar kuma aka ƙaddamar da aikin babbar hanyar da za ta tashi daga Illela zuwa Badagry, ita ma daga aljihun tarayya.