Ja, Kore da Ɗorawa a Cikin Kwano: Tambayoyi da Amsoshi kan Ganye da Kayan Marmari

Duk wanda ya ratsa layin 'yan gwari a Babbar Kasuwar Katsina da hunturu, zai ga an jibge kayan lambun Ajiwa da Jibia da tumatirin Danja, launi kala-kala har ido ya gaji. Amma ka bi mai cefane gida, sau tari abin da zai sauka a kwano fari ne: tuwo, shinkafa, taliya, sai ɗan jan miya a gefe. Ga wasu tambayoyi da mutane ke yawan yi kan wannan batu.

Wai me ya haɗa launi da lafiya? Ba ado ba ne kawai?

Launin da kake gani sinadari ne, kuma kowane launi da nasa. Launin ruwan ɗorawa da ruwan lemo na karas, kabewa, mangwaro da gwanda, daga sinadarin karotin yake, wanda jiki ke juyawa ya zama bitamin A. Shi ke taimakon ido da fata da garkuwar jiki. Dundumin nan da ke sa mutum lalube da zarar magariba ta yi, ƙarancinsa ne ke jawo shi. Jan tumatir da kankana daga laikofin ne. Shuɗi mai duhu da ja mai kauri irin na zoɓo da ɗinya da jar albasa, nasu daban ne, ana ce masa antosayanin. Koren ganye kuwa, irin zogale, alayyahu, rama, lalo da tafasa, yana ɗauke da folet da sinadarin ƙarfe da jini ke buƙata, da bitamin K. Abin mamaki, shi ma koren ganye cike yake da karotin, koren ne ya rufe shi.

To tun da babu ɗa guda ko ganye guda da ya haɗa duka, launi ya zama hanya mafi sauƙi ta gane ko ka cakuɗa ko ba ka cakuɗa ba, ba sai ka haddace sunayen nan masu karya harshe ba.

Nawa ya kamata mutum ya ci a rana?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ya ci akalla giram 400 a yini, wato kashi biyar na giram 80. Kashi ɗaya bai wuce lemu guda ko ayaba guda ba, ko dafaffen ganye cikin babban cokali uku a cike. Dankali da rogo da doya ba su cikin lissafin, su 'yan gidan tuwo ne. Hukumar ta danganta cin wannan adadi da raguwar haɗarin ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki da wasu nau'o'in ciwon daji. Akwai kuma amfanin da mutum zai gani da kansa cikin 'yan kwanaki: harzar da ke cikinsu, wato zare-zaren da ciki ba ya narkarwa, tana sassauta ciki, mai fama da taurin bayan gida ya samu sa'ida.

A wannan tsadar, wa ke da kuɗin kayan marmari?

Nan ne nake ganin sunan da kansa ya cuce mu. Da muka ce "kayan marmari" sai muka mayar da su abin kwaɗayi, na mai ciki ko majinyaci ko teburin buɗa-baki da azumi. Idan Ramadan ya wuce, kankana ta tafi hutu sai baɗi.

Sannan da an ce 'ya'yan itace, tunani ya tafi kan tuffa da inibin da ake shigo da su a kwali. Alhali gwabar da yara ke jifa a bayan gida ta ninka lemu kusan sau huɗu wajen bitamin C, tuffa kuwa ba a ma haɗa su. Garin cikin ƙwallon kuka, wanda ake damawa a zuba a nono ko kunu, shi ma yana da bitamin C sosai. Ga magarya, kanya, ɗinya, goruba, tsamiya, aduwa, duk abin da kakanninmu suka tashi da shi a bakin gona. Kwaɗon zogale ko na rama da ƙuli-ƙuli da tumatir da albasa, launi uku ne a faranti ɗaya, kuma ba ya kai kuɗin kwalbar lemo biyu. Faten tsaki da yakuwa, dambu da zogale, miyar taushe da kabewa da alayyahu, waɗannan abincin da wasu ke raina wa su ce na ƙauye ne, su ne ainihin abin da likitoci ke roƙon mutane su ci.

Dabarar aljihu ita ce bin lokaci. Hunturu na karas da kabeji da salak da tumatir, bazara ta mangwaro, damina ta tafasa da lalo da kuɓewa, kaka ta kabewa da zoɓo. Abin da ke kan ganiyarsa shi ya fi arha.

Dafuwa tana kashe amfanin ne?

Wani ta rage, wani ta ƙara. Bitamin C da folet ba su jure dogon zafi, kuma suna narkewa a ruwa. Uwargidan da ta tafasa zogale har ya yi baƙi, ta tsiyaye ruwan ta zubar a rariya, rariyar ta fi mutanen gidan cin riba. A rage ruwa, a rage lokaci, a sa ganye a ƙarshen miya.

Tumatir da karas kuwa sun fi ba da nasu idan an dafa su da ɗan mai, don laikofin da karotin sai da maiƙo hanji ke iya tsotsarsu da kyau. Shi ya sa ƙuli-ƙuli ko ɗan man gyaɗa a kwaɗo ba daɗi kaɗai yake ƙarawa ba. Manja ma, wanda ba a soya shi har jansa ya gudu ba, yana da karotin mai yawa.

Sai maganar kanwa, wadda na san ba za ta yi wa wasu iyayenmu mata daɗi ba. Ana jefa ta a miya don ganye ya yi laushi da wuri, kuɓewa ta yi yauƙi, ko a kashe tsamin yakuwa. Tana yin aikin, amma tana lalata bitamin C da wasu daga cikin bitamin B. Ba a ce a daina ba. A rage hannu, kuma ba kowace tukunya ke buƙatarta ba.

Busasshen ganye fa, irin kuka da kauɗar tumatir?

Sinadarin ƙarfe da na ƙashi da harza suna nan. Bitamin C ne yawanci ke tafiya. A inuwa ake shanya ganye, a wuri mai iska, don rana tana cinye karotin. Kukar da ta fito kore shar ta fi wadda ta koɗe.

Gaskiya ne yawan shan mangwaro na kawo shawara ko zazzaɓi?

A'a. Zazzaɓin cizon sauro daga sauro yake. Yaron da ya dage wa mangwaro ko karas, tafin hannunsa na iya yin ɗorawa saboda karotin, kuma yana washewa da kansa. Bambancin a ido yake: idan farin ido ya yi ɗorawa, wannan ba mangwaro ba ne, a tafi asibiti. Gudawar da ke biyo bayan mangwaro kuwa, galibi ta wanda aka tsinta a ƙasa ce, ƙuda ya gama da shi, aka sha ba wanki. Salak da kabeji da duk abin da za a ci ɗanye, a wanke shi sosai da ruwa mai tsabta, musamman lokacin da amai da gudawa ke yawo.

Mai ƙarancin jini zai iya dogara da ganye?

Zai taimaka, amma ƙarfen ganye ba ya shiga jiki da sauƙi kamar na nama da hanta. Matsa lemon tsami a kan kwaɗo, ko shan lemu bayan abinci, yana ƙara yawan abin da jiki zai ɗauka. Shayi kuma yana hana shi, don haka a ba da tazara tsakaninsa da abinci. Mai juna biyu ta ci gaba da shan ƙwayoyin da aka ba ta wajen awo. Zogale ba ya maye gurbinsu.

Masu ciwon suga da hawan jini fa?

Mai suga zai ci ɗan itace, amma ya ci shi da harzarsa maimakon a matse ruwan, kaɗan-kaɗan, ya kuma yi hattara da dabino da mangwaron da ya nuna luguf. Ganye kam ya ci ya more. Zoɓo, bincike ya nuna yana ɗan sauke hawan jini, sai dai irin wanda ake ƙullawa a leda an cika shi da sukari, kuma ko maras sukarin ba dalili ba ne na ajiye maganin likita. Masu ciwon ƙoda da masu shan maganin tsinka jini su ne ya kamata su tambayi likitansu tukuna, saboda sinadarin fotashiyam na ayaba da tumatir, da kuma bitamin K na koren ganye.

Yaushe za a fara ba jariri?

Daga wata shida, tare da nonon uwa. A dama masa kabewa ko gwanda ko ayaba, a barbaɗa garin zogale kaɗan a kununsa. Idan ya tofar yau, a sake gwadawa jibi. Yara kan ɗauki lokaci kafin bakinsu ya saba da sabon ɗanɗano.