Yawon buɗe ido na ma'aurata da kuɗi kaɗan a biranen gaɓar Tekun Baltik

Helsinki, Tallinn da Stockholm manyan biranen Finlan, Istoniya da Suwidin ne, dukkansu a bakin Tekun Baltik, kuma jiragen ruwa na haɗa su kullum. Lokacin zafinsu, daga Yuni zuwa Agusta, yana faɗawa ne daidai da daminar ƙasar Hausa. An san Helsinki da Stockholm da tsada, amma miji da mata na iya zagaya biranen uku cikin mako guda ba tare da aljihu ya ƙone ba, saboda dalili biyu: ɗakin kwana, na otal ko na cikin jirgi, ana biyan kuɗinsa ne a kan ɗaki ba a kan kai ba, sannan mafi kyawun abin gani a waɗannan birane, wato ruwa da tsibirai da tsoffin unguwanni, tikitin motar haya kawai yake buƙata.

Yanayi da tsawon yini

Wajen 21 ga Yuni rana tana fitowa a Helsinki kafin ƙarfe 4 na asuba, ba ta faɗuwa sai kusan 11 na dare, yinin ya kai kusan sa'a 19. Wannan riba ce ga mai yawo da ƙafa, domin bayan an rufe gidajen tarihi akwai sauran haske mai yawa. Zafin Yuli yakan tsaya wajen digiri 20, amma iskar kan teku tana da sanyi kamar ta hunturu, don haka rigar sanyi da ta ruwa ba a barinsu. Tun da duhu ba ya kammaluwa, lokutan Isha da Asuba suna rikita baƙo. Abin da ya fi shi ne bin jadawalin masallacin garin, kamar babban masallacin Stockholm da ke unguwar Södermalm. A ƙarshen makon bikin tsakiyar bazara, tsakanin 19 da 26 ga Yuni, mutanen Finlan da Suwidin suna ficewa ƙauye, shaguna da gidajen abinci da dama a kulle.

Jiragen ruwa

Tsakanin Helsinki da Tallinn kimanin kilomita 80 ne, tafiyar sa'a biyu zuwa biyu da rabi a jiragen Tallink, Viking Line ko Eckerö Line. Tikitin je-ka-dawo na yini guda, a tsakiyar mako, shi ne mafi arha. Daga tashar Tallinn zuwa tsohon gari tafiyar minti 15 zuwa 20 ce a ƙafa, ba a buƙatar tasi.

Jirgin Helsinki zuwa Stockholm yana tashi da yamma ya isa da hantsi, kimanin sa'a 17, yana yada zango a tsibiran Åland cikin dare. Nan ne ma'aurata suka fi cin riba, don kuɗi ɗaya ya biya hanya da makwanci. Ɗakuna mafi arha suna can ƙasa, ƙarƙashin inda ake jera motoci: ba taga, ana jin rurin inji, amma akwai gado da banɗaki. Abincin jirgi yana da tsada, gara a shiga da guzuri. A tashi da sassafe a hau saman jirgi, domin sa'o'in ƙarshe yana ratsa dubban tsibiran da ke gaban Stockholm, duwatsu masu santsi da jajayen gidajen katako a bakin ruwa, abin da wasu ke biyan kuɗi dabam su gani.

Kuskure biyu ne suka fi jawo asarar tikiti. Kamfanonin ba tasha ɗaya suke ba: zuwa Tallinn, Tallink da Eckerö suna tashi daga Länsisatama, Viking kuma daga Katajanokka. Sannan agogon Suwidin yana bayan na Finlan da Istoniya da sa'a guda, kuma ana rufe ƙofar shiga jirgi tun kafin lokacin tashi.

Abin gani ba tare da kuɗin shiga ba

A Helsinki, tikitin yini na hukumar sufuri ta HSL ya haɗa da taragon cikin gari, bas, jirgin ƙasa da kuma jirgin fito zuwa Suomenlinna, sansanin tsaron teku da Suwidin ta fara ginawa a 1748, wanda UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 1991. Fiton minti 15 ne daga kasuwar Kauppatori, shiga tsibirin kyauta ne, kuma ganuwarsa da ramukansa da manyan bindigoginsa sun isa cinye rabin yini. Ɗakin karatu na Oodi, da aka buɗe a 2018, da gidan tarihin birnin su ma kyauta ne. Direban tarago ba ya sayar da tikiti. A waya ko a na'ura ake saye kafin a hau, wanda aka kama ba shi da shi kuma tara ce mai nauyi. Tikitin HSL shiyya-shiyya ne: filin jirgin sama yana shiyyar C, sai tikitin ABC.

Tsohon garin Tallinn, da ya shiga jerin UNESCO a 1997, ƙafa ce kawai ke zagaya shi. Daga dandamalin Kohtuotsa da Patkuli a kan tudun Toompea ana hango jajayen rufin gidaje har zuwa tashar jiragen ruwa. Motar haya kyauta da ake labari tun 2013 ta mazauna birnin ce masu rajista, baƙo yana biya.

A Stockholm, birni mai tsibirai 14, tikitin hukumar sufuri ta SL yana aiki a jirgin fito mai lamba 82 daga Slussen zuwa tsibirin Djurgården. Idan gidan tarihi ɗaya za a biya, na Vasa ya cancanta: jirgin yaƙi ne da ya nutse a 1628 a ranar fitarsa ta farko, aka tsamo shi a 1961 kusan cikakke. Katin baƙi mai haɗa wurare da yawa ba ya fanshe kuɗinsa sai ga masu shiga gidajen tarihi da dama a yini, kuma sau biyu za a saye shi.

Abinci da masauki

Babban abinci a ci shi da rana. A ranakun aiki, daga wajen ƙarfe 11 zuwa 2, gidajen abinci suna da farashi na musamman da ake kira lounas a Finlan, dagens lunch a Suwidin, päevapraad a Istoniya. A ƙasashe biyun farko yawanci har da burodi, ganye da kofi. Na dare a haɗa shi daga kanti irin su Lidl, Alepa, ICA ko Rimi. Ruwan famfo mai kyau ne, gora ɗaya ta wadatar. Mai guje wa naman alade ya haddace kalmomin sianliha da porsas a Finlan, fläsk a Suwidin, sealiha a Istoniya. Kifi kuwa a wadace yake.

Ɗaki mai gado biyu a masaukin matafiya sau da yawa bai fi kuɗin gadaje biyu a ɗakin kwanan jama'a da yawa ba, ga sirri, ga madafa. A Suwidin wasu masaukan suna cajin zanin gado dabam. Kwana a Tallinn ya fi arha, don haka a ƙara darare a can.

Biza da kuɗi

Ƙasashen uku suna yankin Shengen, biza ɗaya ta ishi ɗan Najeriya ko Nijar. Ana nema a ofishin ƙasar da za a fi daɗewa, kuɗinta Yuro 90 kowane mutum tun Yunin 2024, tare da inshorar lafiya ta aƙalla Yuro 30,000. Finlan da Istoniya Yuro suke kashewa, Suwidin kuma kurona, inda shaguna da yawa ba sa karɓar tsabar kuɗi. Miji da mata kowa ya riƙe katin banki dabam, saboda idan ɗaya ya ƙi aiki a ƙofar jirgin ƙarƙashin ƙasa, ɗayan ya biya.