Cin amanar mayar da kaya da rangwame a kasuwannin Maraɗi

Cin amanar mayar da kaya da rangwame shi ne mai saye ya ɗauki sassaucin da ɗan kasuwa ya yi masa, ko na dawo da abin da ya saya ko na ragin kuɗi, ya ci wata moriyar da ba don ita aka yi sassaucin ba. A cikinsa akwai sa tufa a je biki sannan a dawo da ita a ce ba ta yi ba, da musanya kaya mai kyau da lalatacce, da karɓar farashin sari da sunan za a ɗauki da yawa alhali ɗaya ake so. Duk inda ake ciniki ana samun wannan, amma a Maraɗi yana da tasa siffar, domin yawancin ciniki a nan da baki ake ƙulla shi. Abin da ke ba mutum damar dawo da kaya sanayya ce da kunya, kuma su ɗin ne mai wannan hali yake ci.

Kasuwar da abin ke faruwa a cikinta

Maraɗi, wadda ƙidayar 2012 ta samu mutum 267,249 a cikinta, ita ake yi wa laƙabi da cibiyar kasuwancin Nijar. Iyakar Najeriya na nan kusa, ta Ɗan Isa zuwa Jibiya da Katsina. Arzikin alhazan garin ya taso ne daga gyaɗa, daga baya ya koma kan shige da ficen kaya. Babbar kasuwa tana cika Litinin da Juma'a. Atamfa da shadda da leshi suna zuwa daga Kantin Kwari na Kano, wasu kayan daga Dubai da Sin ta tashar ruwan Lome, a da har da ta Kwatano.

Wannan nisan hanya shi ne abu na farko da ya kamata a lura da shi. Mai shagon Maraɗi ba shi da masana'anta a bayansa da zai mayar wa kaya. Abin da aka dawo masa da shi ya zama nasa, ko ya sayar da faɗuwa ko ya yi kwantai. Rufe iyakar da Najeriya ta yi daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, da takunkumin da ya biyo juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, sun ƙara wa kowane kwali tsada da wahalar isowa. Ga kuma canji: kaya da yawa da naira ake saro su, a sayar da sefa. Idan naira ta faɗi, sabon kaya ya shigo da araha, wanda ya sayi na tsohon farashi mako ɗaya da ya wuce yakan tuna cewa nasa yana da aibi.

Kayan "a kai gida a gani"

Al'ada ce mai kyau, kuma tana da dalili. Matan aure da yawa ba sa shiga kasuwa, don haka maigida ko ƙane ko dillaliya kan ɗauki turmi uku ko huɗu a kai gida, uwargida ta zaɓa, a dawo da sauran. Ba a rubuta komai. Mai shago ya san gidan, ya san uban mai ɗauka, wannan ya isa.

Ta wannan ƙofa cin amanar ya fi shigowa, musamman a lokacin Sallah da kakar aure. Akan ɗauki mayafi, ko takalmi da jaka, ko ɗinkakkiyar doguwar riga ranar Alhamis, a dawo da su Litinin. Ga yadda maganar takan kasance:

"Alhaji, ga kayan nan, wallahi ba su yi mata ba."

"To Hajiya, ai na ga ƙasan takalmin ya taɓa ƙasa."

"Haba Alhaji, gwadawa kawai ta yi a tsakar ɗaki. Mu da kai har sai an yi haka?"

Mai shago ya sunsuna mayafin ya ji turaren wuta da humra, ya ga hoda a wuyan riga, ya ga lambar da aka cire aka mayar da allura. Ya sani, ita ma ta san ya sani. Amma surukar maƙwabcinsa ce, ko matar wanda suke sahu ɗaya a masallaci, sai ya karɓa ya ce Allah ya sa haka ya fi alheri. Wannan "mu da kai" ita ce makamin, domin tana mayar da mai neman haƙƙinsa ya zama shi ne marar mutunci.

Akwai wanda ya fi wannan nauyi, wato cika akwatin lefe da kayan gani. A jera turame don dangin amarya su ƙirga su yaba, bayan kwana biyu a zare rabi a mayar shago. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara, to amma aro da sanin mai kaya ake yinsa. Wannan aro ne da aka sa wa rigar ciniki.

A wajen masu waya da kayan lantarki salon daban ne. A buɗe waya a zare batir na asali a sa na jabu, a dawo da ita a ce ba ta riƙe caji. A sayi batirin sola a ɗora masa firiji da fanka fiye da ƙarfinsa, in ya mutu a zo neman garanti. A ɗauki injin wuta ko lasifika a yi hidimar suna, washegari a ce ƙararsa ta yi yawa. Masu talla a WhatsApp da Facebook kuma suna fama da wanda zai sa a aiko kaya da ɗan kabu-kabu, ya sa ya ɗauki hoto, ya ce ba kalar da ya gani ba ce, kuɗin kai da kawowa ya hau kan mai sayarwa.

Ragi, gyara da farashin sari

Tayi ba laifi ba ne. Mai saye ya taya, mai kaya ya ce albarka, a ja a sassauta har a kai ga sallama. Haka kasuwa take tun fil'azal. Gyara ma kyauta ce da mai awo ke ƙarawa a kan tiya don a dawo gobe. Cin amana yana farawa ne inda ƙarya ta shiga: mutum ya ce katan goma zai ɗauka, a yanka masa farashin ƴan sari, sannan ya ce a ba shi ɗaya ya gwada tukuna, ko ya rantse cewa a shagon gaba an sallama masa a jika huɗu, alhali bai taka can ba, ko ya ce Alhaji ne ya ce a rage masa, a lokacin da ya tabbata Alhajin ya tafi Kano, yaron shago kaɗai ya bari. Akwai kuma mai cinye ragi sau biyu, a rage masa wajen tayi, in ya zo biya ya riƙe dala ɗari ya ce sai ya dawo. A lokacin azumi, idan wani ɗan kasuwa ya karya farashin shinkafa ko sukari don talakawa ya ƙayyade wa kowa kaso, akan samu mai turo yara biyar su shiga layi, ya tara ya sayar da tsada a unguwa. Wannan ya fi muni, domin abin da ya kwashe rabon mabukata ne.

Matsayinsa a fiƙihu

Yawancin mutanen Maraɗi mabiya mazhabar Malikiyya ne, kuma littattafan da ake karantawa a zaurukan garin, Risala ta Ibn Abi Zaid da Mukhtasar na Khalil, sun daɗe da rarrabe hanyoyin warware ciniki. Ta farko aibi: wanda ya sayi abu ya tarar da lahanin da aka ɓoye masa yana da haƙƙin mayarwa. Ta biyu zaɓin da aka sharɗanta tun wajen ƙulla ciniki, na ɗan lokaci sananne. Khalil ya kawo kamar wata ɗaya ga gida, kamar kwana uku ga dabba ko tufa. Abin sha'awa, ya ambaci sa tufa da sunanta: idan aka sharɗanta cewa mai saye zai sa ta a kwanakin zaɓi cinikin ya ɓaci, kuma zai biya ladan sawar da ya yi. Ta uku ita ce iƙala, wato mai kaya ya karɓi abinsa don tausayin mai saye da ya yi nadama. Hadisin da Abu Dawud ya ruwaito ya yi wa mai yin haka alkawarin yafiyar Allah, amma alheri ne, ba a tilasta shi. Malikiyya ba su ɗauki zaɓin majalisi ba, wato damar fasa ciniki muddin mai saye da mai sayarwa ba su rabu ba, don haka da an ce "na saya", "na sallama", ciniki ya faɗa.

Kusan duk dabarun da aka ambata a sama abu ɗaya suke yi: suna ɗaukar nadama ko biyan buƙata su sa mata sunan aibi, don alfarma ta koma dole. Hadisin dabbar da aka ƙi tatsa don hantsarta ta cika, wanda Bukhari da Muslim suka ruwaito, ya nuna ma'aunin. Ko wanda aka yaudara, in zai mayar da dabbar bayan ya tatsa, sai ya haɗa da sa'i ɗaya na dabino a madadin nonon da ya sha. Balle wanda ba a yaudare shi ba.

Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Akwai ƴan kasuwa masu sayar da jabu da sunan na asali, masu kiran shadda Getzner alhali ba ita ba ce, masu ɗaga farashi su sauke su kira shi rangwame. Mai dawo da irin wannan kaya haƙƙinsa yake nema, kuma ba ya cikin abin da wannan maƙala ke magana a kai.

A wasu ƙasashe

A Tarayyar Turai doka ta ba mai saye ta intanet kwana 14 ya fasa ba tare da ya faɗi dalili ba. A Amurka kantuna ne ke tsara wa kansu ƙa'ida, kuma wasu sun janye sassaucinsu: kamfanin L.L.Bean mai sayar da tufafi da takalma ya soke karɓar kaya ba iyakar lokaci a 2018 ya mayar da shi shekara ɗaya, yana mai cewa wasu na dawo da tsofaffin kayan da suka gama ci. A Nijar, manyan shaguna da yawa sun tsaya kan jumlar Faransanci da ake bugawa a ƙasan takardar ciniki, cewa kayan da aka saya ba a mayarwa, ba a musanyawa.

Wanda asarar ke faɗawa kansa

Ba kasafai take tsayawa kan babban Alhaji ba. Dillaliya da ke yawo gida-gida don la'adar da ba ta taka kara ta karya ba, ita ta ɗauko kayan da sunanta. In aka dawo da su da tabo, ita za ta biya, ko a daina ba ta. Yaron shago da aka yi wa ƙaryar "Alhaji ya ce" daga ɗan abin da ake tara masa na sallama za a cire, wani lokacin har a zarge shi da haɗa baki. Sai kuma mai gaskiya da zai zo gobe: matar da da gaske takalmin ya matse ta za ta tarar an daina ba da kayan gani.

Shi ya sa ƴan kasuwa suka ɓullo da matakai. Masu waya suna rubuta lambar shaidar da ke jikin waya da ta batir a takarda, su kunna a gaban mai saye. Masu yadi ba sa karɓar abin da almakashi ya taɓa. Wasu na neman kafin alƙalami kafin kaya su bar shago, wasu suna ɗaukar hoton kayan da waya, wasu sun ce musanya kawai, kuɗi ba ya fita. Idan rigima ta ƙi ƙarewa, akan fara da maƙwabtan shago da dattawan layi, sannan shugabannin ƴan kasuwa ko malami, kuma kaɗan ne ke kaiwa ga ƴan sanda, domin wanda ake ƙara sau da yawa ɗan'uwa ne ko suruki.